Gashin zakaran da muke zubarwa a 'yan kaji, da shi wasu ke ciyar da iyali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira, ya kuma yi jagora. Don Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wata sana'ar hannu da kusan ba a san ta ba a wajenmu, alhali yawancin kayan aikinta muna da su a nan Jos, wasu ma kullum a bola suke ƙarewa. Sana'ar ita ce ɗaurin ƙwaron fatsa, wato mutum ya ɗauki ƙugiyar kamun kifi tsirararta, ya naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da ɗan ulu har ta koma kamannin fara ko shinge ko tsutsar ruwa ko ɗan mitsitsin kifi, ta yadda in kifi ya gani zai ɗauka abinci ne ya kai cafka. Babu tana a jiki, babu tuwo, babu hanjin kaza, gashi ne kawai da zare da iya hannu.

Ni tela ne, surfani da ɗinkin hula su ne abin da na tashi na tarar a gidanmu, kuma na daɗe ina wannan ɗauri a lokacin da babu aiki a shago, ina gwadawa a ruwayen da ke kewaye da mu. Don haka abin da zan faɗa ba labarin shaci-faɗi ba ne, kifinmu na nan yana cin wannan ƙwaro, na gani da idona kuma na soya na ci.

Bari in fara da yadda kamun yake, don wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda ake jefa abin da bai da nauyi ko kaɗan. A fatsar da muka saba, dalma ce ko nauyin abincin ke jan zare zuwa cikin ruwa. A nan kuwa igiyar ce da kanta mai nauyi, an yi mata riga ta roba mai kauri, sai mutum ya riƙa kaɗa ta gaba da baya a iska da doguwar sanda mai lanƙwasa, yawanci mai tsawon ƙafa 9, har ta miƙe ta kai ƙwaron inda ake so, a ƙarshenta kuma akwai siririn zaren roba wanda kifi ba ya gani sosai, shi ne ake ɗaura ƙwaron a kai. Wannan sanda da igiya suna da tsada, daga waje ake kawo su, kuma na san nan ne mai karatu zai ce to ai ba namu ba ne. Amma a tsaunukan Japan akwai masunta da suka yi ɗaruruwan shekaru suna wannan kamu da gora kawai da zare a ɗaure a kanta, babu faifan naɗe igiya babu komai, ana ce wa salon nasu tenkara, sandar ba ta wuce mita 3 zuwa 4 da ɗoriya ba, kuma da can ma da gashin wutsiyar doki ake tufka igiyar, a Japan ɗin da Ingila duka. Wannan kam yaran da ke zama bakin dam da sandar gora ko gwangwala za su iya shi gobe-goben nan.

Abin kuma ba sabo ba ne. Wani marubuci na daular Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin wuyan zakara guda biyu su kama kifi da shi. A 1496 an buga wani littafi a Ingila da ya lissafa irin ƙwari 12 da watan da ya kamata a yi aiki da kowanne. Ka duba fa Malam Edita, jan ulu da gashin zakara, wane gida ne a Unguwar Rogo ko Gangare ko Bukuru za a rasa waɗannan biyun?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kenya. Turawa sun kai musu tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a 1905, wani Bature Ewart Grogan ya sa aka zuba a kogin Gura da ke tsaunukan Aberdare, daga nan masu kamun nishaɗi suka yawaita, aka fara ɗaura musu ƙwari a can gida maimakon jiran jirgin ruwa daga Ingila. Yau Kenya na cikin manyan ƙasashen da ke ɗaura ƙwaron fatsa a duniya, tare da Tailan da Siri Lanka. Kamfanin Fulling Mill na Ingila a garin Kericho yake da masana'antarsa, ban da ƙananan shaguna barkatai a Nairobi da wasu garuruwa inda za ka ga maza da mata zaune a tebur kowa da tarin gashi a gabansa, ana aiko musu da oda da samfur daga Turai da Amurka, su ɗaura a dozin-dozin a zuba a kwali a aika. A shagunan Amurka ba wuya ka ga ƙwaro ɗaya tak ana sayar da shi dala 2 ko 3, kuma abu ne mai ƙarewa, yana maƙalewa a bishiya, kifi na tsinke shi, haƙori na yaga shi, don haka kwastoma kullum sai ya dawo. Inji bai iya wannan aiki ba har yau, hannu ne kawai. To me Kenya ta fi mu da shi a iya hannu? Wanda zai zauna ya cika hula da allura ɗinki bayan ɗinki ba tare da layi ya karkace ba, ko macen da ke yin kitson zare, ko yaron da ke gyaran waya a Terminus yana kama ƴan ƙananan wayoyin da ido da ƙyar ke gani, wallahi waɗannan duk sun riga sun mallaki abin da ya fi wahalar koyo, wato natsuwar yatsu da sanin yadda ake jan zare bai tsinke ba kuma bai yi sako-sako ba.

Ba ma dole sai mutum ya iya kamun kifin ba. Akwai wata mata a Sikotlan mai suna Megan Boyd da ta rasu a 2001, ta yi rayuwarta a wani ɗan gida kusa da garin Brora tana ɗaura ƙwarin kamun kifin salmon, manyan mutane har da Yarima Charles wanda yanzu shi ne sarkin Ingila suna sayen aikinta, an ba ta lambar yabo ta masarauta a 1971, kuma ita ba ta kamun kifi sam. Ina kawo wannan ne saboda matanmu da ke cikin gida da ƴan'uwanmu masu lalurar ƙafa, aikin zaune ne, ba ya son fili, ba ya son janareta, hasken rana a tsakar gida ya isa.

Yanzu ga maganar kaya, inda nake so a ɗan saurare ni da kyau. Mafi daraja a wannan sana'a shi ne gashin wuyan zakara da na gadon bayansa, dogayen nan sirara masu ƙyalli. Dalili kuwa shi ne zarurrukan gashin zakara suna da tauri, in ka naɗa shi a wuyan ƙugiya sai su miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya, su ne ke riƙe ƙwaron a saman ruwa bai nutse ba. Na kaza mace kuwa laushi gare shi, yana shan ruwa, yana motsi a hankali, shi ya sa ya fi dacewa da ƙwaron da ake so ya nutse ya yi kamar mai rai. A Amurka, a jihar Kolorado, akwai gona mai suna Whiting Farms da ba ta kiwon kaji don nama ko ƙwai, don gashi kawai take yi, sun yi shekaru suna zaɓen iri har gashin zakarunsu ya zama dogo siriri, fatar wuya guda ɗaya dala gommai ce. Namu zakarun gida ba su kai waɗannan ba, gaskiya ɗaya ce, amma kafin a samar da irin na Amurka ɗin ai da fatun wuyan zakarun ƙauye daga Indiya da Sin duniya ke aiki, kuma har yanzu ana sayar da su. Zakarun da ake kawowa Jos daga ƙauyukan Mangu da Bokkos da Toro ba su da maraba da waɗancan, ga ja, ga baƙi, ga wake-wake, ga mai ruwan zuma. Kajin gidan gona farare da ake yankawa suna da sati 6 zuwa 8 gashinsu bai nuna ba, ba shi da amfani sosai, tsohon zakaran gida shi ne magana.

Matsalar ita ce yadda ake fige kaza a kasuwa. Da an yanka sai a tsoma a tafasasshen ruwa, gashin ya cukurkuɗe da jini da datti a tara a gefe. In kana son gashi mai kyau sai ka yi magana da mai figa tun kafin ya tsoma, ya fige maka na wuya da na baya a bushe, ko kuma ya feɗe fatar wuyan gaba ɗaya, ka zo gida ka kankare kitsen, ka shimfiɗa ta a kwali ka kafe da ƙananan ƙusoshi, ka barbaɗa gishiri ka bar ta a inuwa ta bushe. Bayan nan a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya, in da hali a sa a leda a jefa a firiza na wasu kwanaki don ƙwayayen ƙwarin da ke cin gashi su mutu, sannan a adana da kafur. Wanda ya tsallake wannan mataki zai buɗe akwatinsa wata rana ya tarar da gari kawai.

Sai zabo. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigon nan fari da baƙi sananne ne a wajen masu ɗauri a Turai, suna sayen shi a ƴan fakiti, har rina shi suke yi shuɗi ko ja, mu kuwa tsuntsun ma asalinsa na nahiyarmu ne. Gashin talo-talo mai laushi na ƙarƙashin ciki shi ake yin wutsiyar da ke rawa a ruwa da shi, na fiffikensa da jelarsa kuma a yi fiffiken fara. Agwagwa tana da wasu ƴan gashi kusa da inda take fitar da mai a gindin jela, ba sa jiƙewa da wuri, suna da tsada a waje. Gashin ɗawisu wanda yake zubarwa da kansa duk shekara, zarurrukansa masu ƙyallin kore babu kamarsu wajen yin jikin ƙwaro. Ga gashin akuya da na rago bayan layya, ga wutsiyar maraƙi a mahauta, ga fatar zomo a wajen masu kiwo. Ulu kuwa, mu da muke garin sanyi, tsohuwar suwaita ɗaya ta gwanjo daga Katako in ka warware ta za ta yi maka shekara. Gashin atach na mata yana yin jikin ƙaramin kifi mai kyau ƙwarai, kyalkyalin adon Kirsimeti da ake sayarwa a Disamba shi ne ƙyallin ɓawon kifi, soson tsohon silifa a yanka shi a yi fara mai yawo a saman ruwa, ƴar sarƙar nan mai ƙwallaye ta jan fanka ko fitila in ka yanke ƙwallo biyu ka ɗaura sun zama idanu kuma sun ba da nauyi. Siririyar wayar tagulla ta cikin koyil ɗin tsohuwar fanka ko rediyo kuwa kada wanda ya raina ta, wani mai gadin kogi a Ingila, Frank Sawyer, da irin wannan waya da gashin jelar tsuntsu kawai, ko zare babu, ya ƙirƙiro tsutsar ruwan da har yau tana cikin waɗanda aka fi kama kifi da su a duniya.

Kayan aiki ma ba wani abin tashin hankali ba ne. Ana bukatar abin da zai riƙe ƙugiya gam don hannu biyu su samu sakewa, filaya mai kulle in aka ɗaure ta a bakin tebur ta wadatar, kuma duk mai walda a Dilimi in ka zana masa zai haɗa maka ɗan ƙaramin mamatsi. Sai ƙaramin almakashi mai tsini, allura, da mariƙin kwarkwaron zare wanda ni da sifok ɗin keke da bututun biro na yi nawa. Abu ɗaya da ba na yarda a yi arha a kansa shi ne ƙugiya. Ƙugiya mara kyau tana miƙewa ko ta karye ko ta yi tsatsa ta ɓata aikin gaba ɗaya, kuma a lura lambarta a juye take, lamba 14 ta fi lamba 10 ƙanƙanta, manya kuma su ne masu 1/0, 2/0 zuwa sama.

Bari in kwatanta guda ɗaya wanda namu ne na gida, wato shinge. Kowa a Jos ya san in ruwan farko ya sauka wajen Afrilu zuwa Mayu yadda shinge ke fitowa da yamma ya cika fitilu, to ba yara da kaji kaɗai ke murna ba, wanda ya tsaya bakin ruwa a wannan lokaci zai ga saman ruwan na ta ɓulɓula, kifi ne ke tsince waɗanda suka faɗo. Sai ka ɗauki ƙugiya lamba 10 ko 12 ka kafe ta, ka fara naɗa zare daga bayan idonta kana danne bakin zaren har ka kai inda ta fara lanƙwasa. A nan za ka ɗaura siririn ulu mai ruwan ƙasa, ka dawo da zaren gaba, ka bi shi da ulun kana naɗawa a jere, baya ya ɗan fi kauri, ka tsaya saura kamar kashi ɗaya cikin uku kafin ido. Sai ka zaɓi ƙananan gashi biyu masu ruwan toka ka kwantar da su a bayansa su zarce jikin sosai, don fiffiken shinge ya kusa ninka jikinsa a tsawo, ka ɗaure. Sannan gashin wuyan zakara ja guda ɗaya, ka ɗaure gindinsa ka zagaya da shi sau uku ko huɗu, ka danne da zare ka yanke saura, ka yi ɗan kai da zaren, ka ƙulle, ka ɗiga jan farce mara kala a kan ƙullin amma ka kula kada ya toshe idon ƙugiya. Shi kenan. Inda sabon hannu ke faɗuwa guda biyu ne, cika kaya da yawa har ƙwaron ya yi ƙato ya rufe tsinin ƙugiya, da kuma matse ido har a rasa wajen ƙulli. Ƙwaro siriri mai ƴan kaya kaɗan ya fi kama kifi nesa ba kusa ba, kuma a wajen ɗan kasuwa gwaninta ita ce ka ɗaura dozin guda duk su fito iri ɗaya sak, ba ka yi guda ɗaya mai ban sha'awa ba.

Na fi son mu fara da irin wannan, ƙwarinmu da kifinmu, kafin mu fara mafarkin dala. Karfasa na cin ƙaramar tsutsa da ake ja a hankali kusa da ciyawa, musamman da safe in rana ta ɗan ɗumama ruwa, don a lokacin hunturu ruwan Jos na yin sanyi sosai kifi ya yi lamo a ƙasa. Tarwaɗa na bin baƙin ƙwaro mai kauri mai motsa ruwa, da magariba ko in ruwa ya yi duhu. Kifin kaf, wato carp da Turanci, da aka kawo gonar kifi ta Panyam tun shekarun 1950 shi ma yana ci, kodayake wayo gare shi. In aka gangara ƙasa wajen tafkin Pandam da kogunan da ke zuba a Binuwai kuwa, can ne ake samun kawara da tsage da giwan ruwa, shi tsage sai an sa ƴar waya a gaban ƙwaron don haƙoransa na datse zaren roba nan take. Kuma a sani, a kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda a Binuwai ɗinmu yake zuba, duk rani Turawa na biyan maƙudan kuɗi su zo su kama giwan ruwa da dare da ƙwaro mai tsawon tafin hannu, da rana kuma su bi tsage. Kifayen nan iri ɗaya ne da na kogunan Gashaka Gumti a Taraba, ruwa ɗaya ne iyaka ce kawai ta raba.

Ina roƙon kada wani ya karanta wannan ya ce to a kawo mana tirawut mu zuba a ruwan Kurra ko Assop tunda muna da sanyi. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ne, shi kuwa wannan kifi yana son ruwan da bai cika wuce digiri 20 ba duk shekara, zafinmu na Maris kaɗai ya ishe shi. Ban da haka zuba baƙon kifi a ruwa ba abin wasa ba ne, giwan ruwanmu ɗin nan da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawan gaske da babu su a ko'ina sai can.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Duk inda aka ce gashin tsuntsu ya zama kuɗi, masu danƙo da tarko za su shiga daji. Wannan sana'a tana da wannan tabo a tarihinta, don a zamanin Sarauniya Biktoriya an riƙa ƙawata ƙwarin salmon da gashin tsuntsaye masu wuyar samu daga ƙasashe masu nisa, kuma har yau akwai masu haukar neman su. A watan Yuni na 2009 wani ɗalibi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan ya fasa gidan tarihin halittu da ke garin Tring ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasu an adana su fiye da shekara 100 don bincike, ya riƙa yayyaga su yana sayar wa masu ɗauri. Mu a nan muna da abin da za mu yi asara. A dajin Amurum kusa da Laminga akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke aiki da Jami'ar Jos, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban, kuma a duwatsun nan namu ne masana suka gano wani ɗan jan tsuntsu da ba a taɓa rubuta shi a kimiyya ba sai a 1998. Aku mai jan wutsiya ma tun 2016 yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda yadda aka kusa ƙarar da shi. Don haka duk wanda zai koya ko zai koyar, sharaɗin farko shi ne gashin abin da aka kiwata aka yanka don ci, ko wanda tsuntsun gida ya zubar da kansa. Kifi bai san tsadar gashi ba, farin gashin talo-talo in masu rini suka taɓa shi zai ba ka duk kalar da kake so.

Haka nan ramukan kuza. Su ne ruwan da ya fi kusa da mu, daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi, amma ba tafkuna ba ne na Allah da annabi masu gangara a hankali, ramuka ne da injin haƙa ya bari, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a magana, ruwan ƙasan kuma sanyi ƙarara, kusan duk shekara sai mun ji an rasa yaro a ciki. Turawa na shiga ruwa har ƙugu suna wannan kamu a kogunansu masu tsakuwa, kada wani ya gani a bidiyo ya kwaikwaya a nan. A tsaya a kan tudu, kada a je shi kaɗai, kuma a nemi izini don da yawansu suna da masu su, wasu sun zuba kifi da kuɗinsu wasu kuma da ruwan suke noman rani. Ƙananan kifi a mayar da su, in aka danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya cire ta ba ya yi wa kifin rauni sosai, kuma ko a yatsa ko kunne ta shiga za ta fita da sauƙi. Ko ba komai mai ƙugiya ɗaya kifi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ba kamar masu zuba gubar gamalin a ruwa ko masu jan gidan sauro da ke kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba.

Game da fitarwa waje, ba zan ruɗi matasa ba, ba abu ne na dare ɗaya ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a Fabrairun 2006 ƙasashe ke sa ido sosai a kan duk abin da ya shafi gashin kaji, dole sai da takardun lafiya daga hukumar NAQS mai duba lafiyar dabbobi da kayan gona masu shiga da fita ƙasa, da bin ƙa'idar ƙasar da za a kai. A Kenya ma yawancin odar waje da ƙugiya da gashin da aka shigo da su ake yi, hannu ne nasu, kuma abin da ke isa ga mai ɗaurin a kan kowane dozin ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da farashin shago a Turai, ƴan tsakiya ne ke cin kaso mai tsoka. In za mu shiga, mu shiga a ƙungiyance, masu ɗauri su san farashin kasuwa su yi ciniki da bakinsu, ba wani ya tara yara a ɗaki yana ba su na kati ba. Sa'ar da muka yi ita ce hukumomin da abin ya shafa a ƙofar gidanmu suke. Hedikwatar ITF da aka kafa a 1971 don horar da ma'aikata a nan Jos take, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, su ne suka fi kowa sanin yadda za a tsabtace gashi ya zama babu cuta, hukumar NEPC mai kula da fitar da kaya kuma tana Abuja. Abin da nake roƙo ba wani babban biki da rabon kaya a gaban kyamara ba ne, a ɗauko ƙwararren mai ɗauri ɗaya ko biyu daga Kenya su zauna da teloli da masu ɗinkin hula da mata masu saƙa na ƴan watanni, a shigo da ƙugiya mai kyau, sauran mu za mu iya.

Sai kuma roƙona ga masunta masu karanta wannan jarida, na Yawuri da Argungu da Ibi da Baga da Kainji, da sarakunan ruwa, iyayenmu. Ku ne kuka san abin da kowane kifi ke ci a kowane wata, ku ne ke farke cikinsa kullum kuna ganin abin da ya haɗiya, kun san lokacin da kawara ke tasowa sama da irin ƙwaron da ke fitowa in ruwa ya fara ja da baya. Don Allah ku rubuto ta wannan shafi ku faɗa mana, da kalar ƙwaron da girmansa da lokacin fitarsa da sunan da kuke kiransa, ni kuma in Malam Edita ya amince zan ɗaura gwargwadon bayaninku in kawo ofishin jarida a aika muku ku gwada a ruwanku, ku faɗa mana wanda kifi ya ci da wanda ya ƙi.

Na gode, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Jos, Jihar Filato.